Sayar da tsohuwar waya ta intanet: tambayoyin da masu sayarwa a Bauchi suka fi yi

Na cire layina da memori. Ba shi ke nan ba?

A'a, da saura. Layi da memori su ne na farko, kuma kada a raina su, domin wanda ya riƙe layinka ya riƙe ƙofar asusunka na banki: da shi ake danna lambobin banki na tiransifa, ta kansa kuma saƙon lambar sirri yake shigowa. Amma jikin wayar ma cike yake da kai. Hotunan iyali, hoton takardar NIN, hirarrakin WhatsApp, imel, kalmomin sirrin da burauza ta adana, duk suna nan bayan ka zare layi. Idan wayar tana amfani da eSIM, wato layin da ba shi da kati, shi ma sai an shiga setin an goge shi.

To wane tsari ake bi wajen goge ta?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, saboda suna farawa da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Da farko ka kwashe kayanka: lambobin mutane da hotuna su hau asusunka na Google ko iCloud, WhatsApp kuma ka ajiye kwafinsa, ka buɗe shi a sabuwar wayar, ka ga hirarrakin sun dawo da idonka. Haka manhajojin banki, da OPay ko Moniepoint ko PalmPay: ka shiga a sabuwar waya tun tsohuwar tana hannunka, don wasu sukan nemi tabbaci kafin su yarda da sabuwar na'ura. Mai amfani da manhajar da ke ba da lambobin shiga, irin Google Authenticator, ya mayar da ita sabuwar wayar tukuna, in ba haka ba zai kulle kansa a waje.

Sai ka cire asusunka daga wayar. A Android, setin za ka shiga, wajen asusai, ka cire na Google. Samsung da Redmi suna da nasu asusun daban, su ma a fita daga cikinsu. A iPhone ka kashe Find My, wato tsarin neman waya idan ta ɓace, ka fita daga iCloud. Bayan wannan ne kawai za ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Dalilin bin wannan jeri shi ne makullin hana sata. Tun daga Android 5.1, wayar da aka goge alhali asusun Google yana kanta, musamman idan ta hanyar danna maɓallan gefe aka goge, takan tsaya ta ce sai an sa imel da kalmar sirrin mai ita na baya. iPhone ma haka take, kuma tata ta fi tsauri. Sakamakon shi ne mai saye ya kira ka da daddare yana neman kalmar sirrinka, ko ya kai ta wajen masu filashin, ko ya dawo yana cewa ka sayar masa da kayan sata. Bayan gogewa ka kunna ta, ka bi matakan farko har ka ga ba ta tambayi asusun kowa ba.

An ce ana iya dawo da hotunan da aka goge. Gaskiya ne?

A tsofaffin wayoyi, e. Na zamani suna rufe bayanansu da mabuɗin sirri, gogewar kuma tana lalata mabuɗin, don haka abin da ya rage ba ya karantuwa. Idan taka ta daɗe sosai, bayan ka goge ka bar kyamara tana ɗaukar bango har wayar ta cika, ka sake gogewa. Memori dai kada ka haɗa da shi ko kyauta, domin daga cikinsa ne dawo da hoto ya fi sauƙi.

Me zan sa a tallar, me zan ɓoye?

Ko a Jiji ne, ko Facebook Marketplace, ko sitatus na WhatsApp, ka sa hoton wayar na gaskiya, gaba da baya da gefe, a cikin haske. Ka faɗi samfurinta, girman ma'ajiyarta, ko 64 ne ko 128, da ko akwai kwali da caja da rasit. Mai iPhone ya faɗi lafiyar batir. Da zarar ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100, mai saye zai cire kuɗin sabon batir daga farashi, kuma da gaskiyarsa. Idan an taɓa canza gilashi, ko wajen caji yana wasa, ka rubuta. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, kuma a gari kamar Bauchi, inda ɗan Yelwa ya san ɗan Bakin Kura, wayar za ta dawo ƙofar gidanka.

Abin ɓoyewa shi ne adireshin gida da lambar IMEI. Wannan lamba mai alƙaluma 15, da ake gani idan an danna *#06#, tana jikin kwali, saboda haka ka rufe wajen kafin ka ɗauki hoto. Kai dai ka rubuta ta ka ajiye.

Wayar da na karɓa biya kaɗan-kaɗan fa?

Kada ka sayar sai ka gama biya an cire mata makulli. Irin waɗannan wayoyi ana kulle su daga nesa idan lokacin biya ya wuce, kuma gogewa ba ta cire wannan.

A ina ya kamata mu haɗu?

Da rana, cikin jama'a, a wurin da kai ka zaɓa: shagon mai gyaran waya da ka sani a wajen Wunti, ko gaban banki, ko wajen mai POS. Ka tafi da mutum ɗaya. Mace ta tafi da ɗan'uwanta, ko ta ba shi ya kai. Idan mai saye ya sauya wuri ana dab da haɗuwa, ya ce ka ƙaraso wani lungu a bayan gari, ciniki ya ƙare a nan. Ka kula da mai zuwa a kan babur bai kashe inji ba yana cewa miƙo in gani, da mai cewa bari in fita waje in gwada kira. Ya zauna ya gwada a gabanka, ya sa layinsa, ya duba kyamara da sifika, ba laifi. Idan ya mayar maka da ita, ka kunna ka tabbatar taka ce kafin ya tashi.

Ya nuna mini alat. In ba shi wayar?

Saƙon tes ba kuɗi ba ne, hoton rasit ma ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar duka biyun, har da sunan bankinka a sama. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ka ga kuɗin ya ƙaru a asusu. Idan ya ce netwok ne, kuɗin yana hanya, ku zauna tare ku jira, waya tana aljihunka. Mai gaggawa ya ciro tsabar kuɗi a POS, ka ƙirga a wurin, kana duba takardun dubu ɗaya da na ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma duba sunan da ya turo. Idan ba na mutumin da ke gabanka ba ne, ka tambayi dalili, domin kuɗin da aka sato daga asusun wani idan ya sauka a naka, naka ake rufewa yayin bincike. Haka ka yi hattara da wanda ya ce ya tura fiye da kima ka mayar masa da canji, ko ya ce ka karanto masa lamba shida da ta shigo maka don a tabbatar da biya. Wannan lambar ta WhatsApp ɗinka ce ko ta banki.

Wani ya ce zai turo ƙaninsa ya duba. Akwai matsala?

Sau da yawa akwai. Ga yadda ake yi: ɗan damfara ya kwafi hotunan tallarka ya sa a wani wuri da farashi mai rahusa. Kai ka sa naira dubu 120, shi ya sa dubu 85. Da ya sami mai so, sai ya ce masa yarona ne zai kawo maka, kada ka yi maganar kuɗi da shi. Kai kuma ya ce maka ƙanina ne zai zo, kada ka faɗa masa farashi, kyauta zan yi masa. Ku haɗu, wayar ta yi masa, ya tura kuɗi asusun ɗan damfarar, shi kuma ya kashe layi. Sai a bar ku biyu kuna cacar baki, ɗaya ya biya, ɗaya bai karɓa ba. Maganinsa jumla ɗaya ce tun a gaisuwa: Malam, wayar tawa ce, kuɗinta kaza, kuma asusuna za a tura.

Mai saye yana Gombe ko Azare, ya ce in ba direba a tasha.

Kuɗi ya shiga duka tukuna. In ya ji tsoro, kuma yana da dalili, ya wakilta wanda ya yarda da shi a Bauchi ya duba ya biya. Idan za ka aika, ka ɗauki bidiyon wayar tana aiki da lokacin da kake naɗe ta, ka bi ta hannun ofishin tasha, ka rubuta lambar mota da ta direba.

Sai an rubuta takarda? Ai waya ce kawai.

Waya tana daɗewa tana yawo bayan ta bar hannunka, kuma 'yan sanda da IMEI suke bin sawunta. Idan aka yi laifi da ita bayan wata shida, bincike zai iya biyowa ta kanka, tunda layinka ya daɗe a cikinta. Rabin shafi ya isa: kwanan wata, samfuri, IMEI, farashi, sunayenku da lambobinku, aibin da ka bayyana, da sa hannun shaida. Kowa ya ɗauki hotonta. Ka ba shi rasit ɗin asali idan akwai, kai ka riƙe kwafi, ka kuma bar hirar cinikin a wayarka kada ka goge.