Mai tafiya da yaro a jirgi, dan Allah ki bar maganin barci a gida

Duk lokacin da tafiyar Umara ta ƙarato sai kin ga iyaye mata suna zuwa asibiti da tambaya iri ɗaya, wai Sista wane magani zan ba yaro ya yi barci a jirgi. To gaskiya babu. Dan Allah ku daina ɗura wa yara Piriton ko Phenergan ko maganin tari don kawai su yi shiru. Shi Phenergan an ma hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne masa numfashi, wasu yaran kuma maimakon ya kwantar da su sai ya birkita su, su yi ta fizge-fizge har a sauka, kuma fa can sama babu asibitin da za ki ruga.

Sau da yawa kukan da jariri ke yi a jirgi ba rigima ba ce, kunnensa ne ke ciwo. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan hanci, ita ke daidaita iska. Idan jirgi yana tashi ko yana sauka ƙarfin iskar da ke cikinsa yana canzawa, ke babba kina haɗiyar yawu ko ki yi hamma sai ki ji kunne ya buɗe, shi kuwa jariri bai san ya yi haka ba, ga tasa hanyar ƙarama. Maganin kawai ya yi ta haɗiya. Ki ba shi nono, ko fida in da ita yake sha. Amma ki lura da lokaci, don nan ne mata da yawa ke kuskure: suna zama a kujera sai su ba yaro nono ya ƙoshi ya yi barci alhali jirgi bai ma motsa ba, wani lokaci sai an daɗe ana jira. Ki bari sai ya fara gudun tashi. Saukar ma ta fi ciwo, kuma jirgi yana fara gangarowa kamar minti 30 kafin ya taɓa ƙasa, to a lokacin in yana barci ki tashe shi ki sa masa nono, don mai barci ba ya haɗiya sosai. Na san tashin yaro mai barci ba daɗi, amma ya fi ya farka da ihu. Wanda ya ɗan tasa ki ba shi ruwa ya dinga kurɓa, alawa mai tauri da cingam kuwa ba na ƙananan yara ba ne, suna shaƙewa.

In yaro yana mura mai toshe hanci ko ciwon kunne, a kai shi likita ya duba kafin ranar tafiya. Haka ɗan bakwaini, da yaro mai ciwon zuciya ko asma. Masu sikila kuwa wannan dole ne, domin iskar numfashi a cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ba, ga sanyi ga bushewa, duk abubuwan da ke tayar musu da ciwo ne. A lulluɓe su da kyau, su sha ruwa sosai, magungunansu su kasance a jakar hannu ba cikin akwatin da aka auna ba.

Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ke ce za ki yawaita shan ruwa. Dokar nan ta hana shiga da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a wajen bincike ba ta hana ki shiga da madara ko abincin jariri, ki dai fito da su a gani. Ki sa famfas fiye da yadda kike zato, da safa da hula, da kayan canji nasa da naki, eh naki ma, wacce aka taɓa yi wa amai a kan abaya ta gane. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinyarki zai zauna, a jirage da yawa za su ba ki ƙaramin bel nasa, kuma kar ki karɓi shayi mai zafi yana jikinki. Manyan jirage suna da ɗan gadon jariri a kujerun gaba, sai dai tun wajen sayen tikiti ake nema.

Kano zuwa Abuja kafin yaro ya gaji an sauka, amma Kano zuwa Jidda wajen awa 5 ne, dole ki yi shiri. Ki bar shi ya yi ta guje-gujensa a ɗakin jira ya gaji. Katun ki sauke a waya tun a gida don ba lallai ki samu netwok a sama ba, ki cika caji, ki rage ƙara saboda maƙwabta. Takarda da fensir mai kala, 'yar mota, biskit, kar ki zube masa duka lokaci ɗaya, sai ya gaji da wannan ki fito da wancan. In duk sun ƙare ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Baban yara ma ya karɓe shi ya zagaya da shi tsakanin kujeru idan an kashe alamar ɗaura bel, ba ya zauna yana danna waya ba.

Sai katin rigakafi. Allurar shawara ana yi wa yaro daga wata 9, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kar a bari sai ana gobe tafiya a zo mana da gaggawa.