Yadda ake gane kwaɗo na cikin matsi ba tare da an taɓa jininsa ba

Duk wanda ya tashi a cikin ƙwaryar birnin Kano ya san kukan kwaɗi daga kududdufai da zarar damina ta sauka. Yanzu an cike da yawa daga cikin kududdufan an yi gini, waɗanda suka rage kuma bola da ruwan kwata sun mamaye su. Ga wasu tambayoyi kan yadda masana ke auna wahalar da irin waɗannan halittu ke sha.

Shin kwaɗo ma yana shiga matsi?

Ƙwarai kuwa. Idan ya ji tsoro, ko ruwa ya ƙafe, ko cuta ta kama shi, wasu ƙwayoyin halitta da ke manne da ƙodarsa sukan saki wani sinadari mai suna kotikosteron, ɗan'uwan kotisol, sinadarin da jikin mutum ke saki idan ya shiga matsi. Aikinsa shi ne ya tara wa jiki ƙarfi don a tsira. Na ɗan lokaci alheri ne. Amma idan abin ya daɗe, garkuwar jiki takan yi rauni, girma ya tsaya, haihuwa ta ragu.

Me ya hana a ɗebi jini kawai a gwada?

Nan gizo ke saƙar. Kwaɗo da yawa ƙanana ne, wasu ba su wuce kan yatsa ba, ballantana talibambam. A da sai a soka allura a zuciya, ko a kashe dabbar gaba ɗaya. Wanda ke ƙoƙarin ceto wani iri daga ƙarewa ba zai fara da kashe shi ba.

Akwai kuma abin da ni na fi ɗauka da muhimmanci: kamun da kansa yana ɓata awon. Cikin 'yan mintuna bayan an damƙe kwaɗo, sinadarin yakan fara hauhawa a jininsa. Sai mai bincike ya wayi gari yana auna tsoron da shi ya jawo, ba wahalar kududdufin ba. Don haka lallaɓawa ba tausayi kaɗai ba ne, sahihancin sakamako ma ya dogara a kanta.

To ta yaya ake yi yanzu?

Fatar kwaɗo sirara ce, ruwa na shiga da fita ta cikinta, sinadarin ma haka. Caitlin Gabor ta wata jami'a a Teksas, Amurka, tana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar sanya dabbar a kofin ruwa mai tsabta kamar awa ɗaya, a mayar da ita inda aka ɗauko ta, sannan a tace ruwan a auna abin da ya fita daga jikinta. Da talibambam wannan ta fi dacewa. Wani masanin kuma, Edward Narayan, ya yi aiki da fitsari, musamman a kan wani kwaɗon ƙasar Fiji da ke fuskantar barazana. Wasu auduga suke shafawa a bayan kwaɗon su kai ɗakin gwaji.

Ana iya yarda da sakamakon?

Sai an tabbatar da dabarar a kan kowane iri daban. Akan yi wa wasu 'yan kaɗan allurar da ke tilasta wa jiki sakin sinadarin, a ga ko ruwan ko fitsarin zai nuna ƙaruwar. A wasu irin yana nunawa, a wasu ba ya tafiya daidai da abin da ke jini. Adadin kuma yana sauyawa tsakanin mace da namiji, dare da rana, da lokacin barbara. Abin da ya fi rikitarwa, kwaɗon da ya daɗe cikin wahala wani lokaci adadinsa ƙasa yake yi, kamar jikin ya gaji da ihu. Lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin komai, sai an kwatanta da ta kwaɗin wurin da ke lafiya.

Duk wannan wahala saboda kwaɗo?

Binciken duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi suna fuskantar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Wata cutar fata da naman gwari ke haddasawa ta taɓa iri sama da 500. Kwaɗon Kihansi na Tanzaniya a 2009 aka ayyana ya ƙare a daji, gidajen zu na Amurka ne suka riƙe irinsa. Masu kiwon irin waɗannan suna buƙatar sanin ko wurin da suka tanada ya karɓi dabbar, tun kafin ta daina ci.

Zai yi amfani a Kano?

Ɗaukar samfurin ba ya buƙatar abin da ya wuce kofuna masu tsabta, safar hannu da ƙanƙara. Tsadar tana wajen kayan gwaji da firjin da ba a ɗauke masa wuta. Ɗalibin Jami'ar Bayero zai iya kwatanta talibambam na kogin Jakara, ko na Challawa inda ruwan masana'antun jima ke zuba, da na wani tafki mai tsabta a ƙauye. Sai dai ya fara da tabbatar da dabarar a kan irin kwaɗin da muke da su a nan.