Haɗa kwamfutar wasa da montaj a Damagaram: tambayoyi da amsoshi

Matasa da dama a Zinder suna son kwamfuta guda mai aiki biyu: da rana montaj ɗin bidiyon biki, suna ko wa'azi, da dare kuma wasa. Wanda ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa yakan samu na'ura mai ƙarfi fiye da wadda aka sayo a haɗe, muddin ya san wane kaya ke shiga da wane. Ga tambayoyin da masu haɗawa suka fi ji a shago.

Malam, da wane kaya zan fara, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ko katin girafik (mai sarrafa hoto)?

Fara da ɗakin da kwamfutar za ta zauna da kuma wutar da za ta sha. Masu gwada kaya a Turai da Amurka suna gwaji ne a ɗaki mai digiri 20 da ƴan kai. A nan kuwa, Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma ɗakin rufin kwano da ba kilim bai da nisa da haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi kawai take kwashewa ta zuba cikin iskar ɗaki. Saboda haka firosesar da ta tsaya a digiri 75 a ɗaki mai 22 za ta kai wajen 93 a ɗaki mai 40, da fanka ɗaya da aiki ɗaya. Jerin firosesa Ryzen 7000 na AMD na rage wa kansa gudu a digiri 95, na Intel kuma a 100. Ka biya kuɗin ƙarfi, zafi ya karɓe.

Shi ya sa lambar da ya kamata ka fara dubawa a jikin kowane kaya ita ce wat nawa yake ci. Firosesa mai wat 65 da katin girafik da bai wuce wat 200 ba su ne daidai da garinmu. Core i9 da ke iya zuƙar sama da wat 250 sai mai kilim da wuta tsayayya.

AMD ko Intel? Kowa da abin da yake faɗa.

Dukansu suna aiki. Inda ake faɗawa rami shi ne soket, wato mazaunin firosesa a jikin kart-mer, babban allon nan da ake dasa komai a kansa. Soket AM4 na AMD yana ɗaukar irin su Ryzen 5 5600 da Ryzen 7 5700X, da RAM, wato sandunan ma'ajiyar aikin da ke hannu, irin DDR4 kaɗai. AM5, wanda ya fito a 2022, shi ne na Ryzen 7000 da 9000, kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. A ɓangaren Intel, LGA1700 na ɗaukar zuriya ta 12, ta 13 da ta 14, sai dai wani kart-mer ɗin na DDR4 ne, wani na DDR5, babu shiga juna. Ko da ƙarfi ka danna ba za su zauna ba, tsagar da ke ƙasan sandar RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba.

Mai ƙaramin jari ya ɗauki Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400, dukansu ƙwayoyin aiki shida ne, wat 65. In montaj ya fi wasa yawa a aikinka, ƙwaya takwas na 5700X za su rage maka zaman jiran fitar da bidiyo. Mai son ya canza firosesa nan gaba ba tare da ya jefar da kart-mer ba, AM5 ya fi masa.

Akwai abu guda da masu montaj ke yawan tsallakewa. Firosesar Intel da lambarta ta ƙare da F, kamar 12400F, ba ta da ƙaramin girafik na ciki. Ta fi araha kaɗan, amma wannan girafik ɗin shi ne ke ɗauke da Quick Sync, wanda ke taimaka wa manhajar montaj ta Premiere Pro karanta bidiyon H.264 da H.265, irin wanda wayoyi da yawancin kyamarori ke ɗauka. Ga mai montaj, wannan ɗan rarar ba riba ba ce. Bayan haka, ranar da katin girafik ya samu matsala, mai girafik na ciki zai iya kunna kwamfutarsa ya gama aikin mutane.

In ka sayi tsohon kart-mer B450 don Ryzen 5000, tambayi mai kaya ko an sabunta masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin kart-mer ɗin, in ba haka ba ba zai gane firosesar ba. Haka ma zuriya ta 13 da ta 14 na Intel masu ƙarfi: kamfanin ya amsa a 2024 cewa wasu suna lalacewa saboda yawan wutar da suke nema, ya fitar da gyara ta BIOS. Sabunta shi tun ranar farko.

Katin girafik fa? Na ga RTX 4060 ya fi 3060 sabunta amma gigansa bai kai ba.

Ka lura da kyau. RTX 3060 na kamfanin Nvidia da aka fi sani yana da giga 12 na ma'ajiyar kansa, yana cin wat 170. RTX 4060 giga 8 ne, ya fi gudu a wasanni, kuma wat 115 kawai yake ci, abin da ke da daraja sosai ga mai dogara da ondilar, na'urar batirin nan da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. In wasa a 1080p ne babban burinka, montaj ɗinka ma 1080p, ɗauki 4060. In manhajar montaj ta DaVinci Resolve kake amfani da ita a kan bidiyon 4K, kana gyaran launi da cire ƙurar hoton dare, giga 8 kan cika, manhajar ta tsaya ta ce ma'ajiyar kati ta ƙare. A nan giga 12 ko 16 sun fi ɗan ƙarin gudu amfani. Resolve ya fi jingina da katin girafik, Premiere kuwa yana raba nauyin da firosesa.

Katunan AMD irin RX 6600 da RX 7600 suna da kyau a wasa gwargwadon kuɗinsu. A montaj dai, a ganinmu, Nvidia ta fi kwanciyar hankali, don manhajoji da yawa sun saba da fasahohinta na hanzarta aikin bidiyo, CUDA da NVENC. Kafin ka biya, auna tsawon katin ka gwada da faɗin akwatin. Ba sau ɗaya ba ake kawo kati mai fanka uku a ga murfi ya ƙi rufuwa.

RAM nawa ya isa?

Giga 16 don wasa da montaj 1080p, giga 32 don 4K ko After Effects. Sayi sanda biyu iri ɗaya, kamar 16 da 16, maimakon guda mai 32, don su yi aiki tare ta hanya biyu. In ramuka huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake cikawa. Daga nan shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, ko EXPO in AM5 ne. Ba tare da wannan ba, DDR4 da ka saya a matsayin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400 kai ba ka sani ba.

SSD mai giga 512 ba zai ishe ni ba?

Mu yi lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa tana rubuta kusan mega 750 a minti ɗaya, wato giga 45 a awa. Biki guda, kyamara biyu, awa uku kowacce: giga 270 ke nan, ba a fara montaj ba. Ƙara Windows, manhajoji da wasa ɗaya ko biyu masu giga 100, ka ga 512 ya tafi.

Tsarin da ya fi sauƙi: NVMe, wato irin SSD mafi sauri, mai tera 1 don Windows, manhajoji da aikin da ke hannu, sai babban diski mai juyawa na tera 2 ko 4 don ajiye ayyukan da aka gama. NVMe na PCIe 3.0 kan kai mega 3,500 a daƙiƙa, na 4.0 wajen 7,000, SSD na SATA kuwa 550. A gaskiya bambancin 3.0 da 4.0 ba ya bayyana sosai a irin wannan aiki. Girma ya fi gudu muhimmanci. Kada ka bar SSD ya cika maƙil, gudunsa na raguwa. Kuma bidiyon biki ba a sake ɗaukarsa, don haka a ajiye kwafi biyu a diski daban-daban har sai iyayen amarya sun karɓi nasu.

Ɗan'uwa, kuɗina sun kusa ƙarewa. Ba zan iya sa alimantasiyo mai araha ba?

A'a. Rage ko'ina ban da nan. Alimantasiyo shi ke karɓar wutar bango mai bolt 220 ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. Marar suna da aka rubuta wa wat 600 sau da yawa ba ya iya ba da hakan a layin bolt 12, inda firosesa da katin girafik ke ja, kuma ba shi da kariyar da za ta yanke wuta in abu ya ɓaci. Alamarsa ita ce kwamfuta ta mutu ɗif da zarar wasa ya yi nauyi ko an fara fitar da bidiyo. In ya ƙone kuwa, yakan tafi da kart-mer ko diski. Nemi na kamfani sananne irin Corsair, Seasonic ko be quiet!, mai shaidar 80 Plus Bronze zuwa sama. Firosesa mai wat 65 da kati irin 4060 ko 3060, wat 550 zuwa 650 ya wadatar. A duba cewa yana da wayar PCIe da katin ke bukata. Haɗe-haɗen adafta daga wayar SATA su ne ke narkewa.

Sai ondilar. Wuta na ɗaukewa, lokacin zafi musamman, kuma dawowarta ma na da haɗari. A jikin ondilar VA ake rubutawa da manyan baƙi, wat kuwa a ƙasa ko a baya. Masu araha na VA 1,000 galibi wat 600 ne, na VA 650 kuma ba su kai wat 400 ba. Haɗa abin da kwamfuta da ekiran ke ci lokacin aiki mai nauyi, ka bar rara a sama. Amfaninsa ka samu ƴan mintuna ka adana aiki ka kashe, ba ka ci gaba da wasa ba.

Wasu alimantasiyo na zamani ba sa jituwa da ondilar mai fitar da wuta mai matakala: wuta na ɗaukewa sai kwamfutar ta mutu duk da batiri a cike. Ondilar mai fitar da wuta sumul irin ta bango, wadda ake rubuta wa «sinus pur» a kwali, ita ke kawar da wannan. Haka ma mai sola ya duba inbatansa, mai janareto kuma kada ya haɗa kwamfuta kai tsaye ba regilatar a tsakani. Batirin ondilar ma zafi na cinye shi da wuri, a ajiye shi inda iska ke wucewa. In kana taɓa akwatin kana jin yana ɗan ja, gidan ba shi da wayar ƙasa, sai a kira mai gyaran wuta.

Sanyaya da ruwa ta fi fanka?

Ga firosesa mai wat 65, fanka mai hasumiya da bututan tagulla huɗu ta isa, kuma in ta lalace fanka kawai za ka canza. Mai ruwa tana da famfo, in ya mutu duka ake sauyawa, ba kuma lallai a same shi a gari ba.

Ƙura ta fi damun mu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na shiga ko'ina. Ɗauki akwati mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa, ka bar mai gilashi a gaba komai kyan fitilunsa. Sa fanka biyu ko uku suna shigar da iska ta gaba, ɗaya tana fitarwa ta baya. In mai shiga ta fi mai fita yawa, iska na fita ta ramuka maimakon ƙura ta shigo ta cikinsu. Ɗora akwatin a kan tebur. A wanke matata duk mako biyu lokacin hazo, a busa cikin akwatin duk wata biyu ko uku, a riƙe fanka da yatsa yayin busawa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Kafin ka dasa fankar firosesa, ɓare ledar da ke manne a ƙasanta, sannan ka ɗiga man zafi, wanda ke kai zafin firosesa zuwa fankar, kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya.

Kayan hannu fa, na Yamai ko na Kano?

Firosesa da RAM na hannu ba su cika ba da matsala ba. Alimantasiyo da diski kuwa sabo ya fi. Katin girafik na tsakiya: a gwada a gabanka. GPU-Z zai nuna ko da gaske shi ne abin da aka rubuta, don akwai tsofaffin katuna da ake canza wa suna. A bar FurMark ya yi minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi. In ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a ekiran, mayar masa da kayansa. CrystalDiskInfo na nuna awannin da diski ya yi da lafiyarsa, MemTest86 kuma na RAM ne. In saƙo za ka yi a kawo maka, a rubuta cikakkiyar lambar kayan, a kuma yi maganar mayarwa tun kafin a canza sefa zuwa naira.

Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex suna jan hankali saboda araha, amma da yawansu alimantasiyonsu ƙarami ne mai filogi na musamman, akwatin kuma siriri, babban kati ba ya shiga. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma na bukatar sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in firosesar ta Intel ce, sai daga zuriya ta 8 zuwa sama.

Sabon kati zai hana wasan intanet tsinkewa?

Ba zai hana ba. Wannan jinkirin layi ne da nisan sabar wasan, wadda galibi tana Turai. Waya daga ruta zuwa kwamfuta ta fi wifi tsayuwa.

Na gama haɗawa, fanka na juyawa amma ekiran baƙi ƙirin.

Duba inda ka cusa wayar ekiran. Dole ta shiga jikin katin girafik, a ƙasa, ba ramin kart-mer da ke sama ba. Firosesa irin 5600 ko 12400F ba abin da za ta nuna ta can. In ba nan ba ne, cire RAM ka mayar, ka danna har maƙallan su yi ƙas. Duba wayar firosesa mai fil takwas da ke saman kart-mer ta hagu, ita aka fi mantawa. In AM5 ne, yi haƙuri, kunnawar farko na iya ɗaukar ƴan mintuna yana daidaita RAM, kada ka kashe. Bayan hoto ya fito kuma, in ekiran ɗinka mai hertz 144 ne, shiga saitin nuni na Windows ka zaɓi 144 da hannunka, don sau da yawa a 60 yake farawa.