Ma'anar "kodin" a lissafin kuɗin asibiti: misalin gwajin bahaya

A Amurka, idan likita ya tura mutum gwajin bahaya don a duba ko yana da tsutsar ciki, kamfanin inshora lambobi yake fara dubawa kafin ya biya. Aikin mayar da abin da aka yi wa majinyaci zuwa waɗannan lambobi shi ake kira kodin, kuma sana'a ce mai zaman kanta.

Lambobin iri biyu ne. Akwai na CPT, waɗanda ƙungiyar likitocin Amurka ta fara fitarwa a 1966, su ne ke faɗin aikin da aka yi. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai lakato ɗan bahaya ya shafa a kan gilashi, ya tace wani don ƙwan tsutsa ya taru wuri guda, sannan ya leƙa ta madubin gwaji. Lambar wannan aiki 87177. In ya ƙara da rini na musamman don ƙananan halittu su fito fili, wannan 87209 ne. 'Yar tsutsar nan kuwa da ke hana yara barci da ƙaiƙayin dubura, ba a cika ganinta a bahaya ba. Selotef ake mannawa a wurin da sassafe kafin a yi wa yaro wanka, a kai a duba, lambarsa 87172.

Iri na biyu su ne na ICD, daga Hukumar Lafiya ta Duniya, masu faɗin dalilin yin gwajin. Amurka ta koma amfani da ICD-10-CM, wato nau'in ICD da ta gyara don amfaninta, ranar 1 ga Oktoba 2015.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara sosai. Mutum ya zo da gudawa, likita yana zargin giyardiya, cutar hanji da wata ƙaramar halitta ke haddasawa, amma sakamako bai fito ba. Ƙa'idar majinyacin da ba a kwantar ba ita ce a rubuta abin da aka tabbatar kawai, wato gudawa, mai lamba R19.7. Ba a sa A07.1, lambar giyardiya, sai ta tabbata, domin cutar da aka rubuta wa mutum bisa zato tana iya zama a fayil ɗinsa shekara da shekaru.

Idan kuma lambar dalili ba ta dace da ta aiki ba, kamfanin inshora na iya ƙin biya. Daga nan sai a gyara a sake turawa, ko kuma takardar kuɗin ta iske majinyaci a gida.