Lodin babbar mota: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Kaya masu nauyi ai ba sa motsi, me ya sa zan ɗaure su?

Suna motsi. Ka taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, kaya su ci gaba da tafiya. Ƙa'idar da ake bi a Turai ita ce ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan suka turo gaba, da rabin nauyinsu ta gefe ko ta baya.

Na rufe da tamfol, bai isa ba?

Tamfol na ruwa da ƙura ne. Ɗaure tukuna, sannan ka rufe.

'Yan kasuwa sun ce za su hau saman buhuna su raka kayansu. In bar su?

Kada ka yarda, ko da mai kayan ne da kansa. Jami'an kiyaye haɗurra ba don son rai suke hana wannan ba. Mota ta kwanta a kwana, na sama ne ake fara zaƙulowa daga ƙarƙashin buhuna. Haba direba, don 'yan kuɗin da za su ba yaron mota?

Na yi lodin masara a Dawanau, zan sauke rabi a Kaduna in wuce Legas da sauran. Sai na sake jera kayan?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Ya danganta da yadda aka sauke. Yawanci 'yan dako daga baya suke ɗiba don ya fi musu sauƙi, sai a bar sauran a tsaye a gaba har sama. Jimillar nauyin ta ragu, amma duk ya taru a kan ƙafafun kan mota (ƙafa ita ce jeren tayoyin da ke kan sanda ɗaya, wato axle), bayan tirela kuma ya yi sakayau. Idan aka yi ruwa, tayoyin bayan ba sa kama kwalta sosai lokacin birki. Ga kuma jeren buhunan da ya rasa abin jingina, wanda zai iya zubowa baya a hawa. A ma'aunin nauyi ma za a iya kama ka, domin ƙafa-ƙafa ake aunawa: ƙa'idar ECOWAS ta ƙayyade tan 11.5 ga ƙafa ɗaya.

Idan buhu ashirin ko talatin aka cire daga cikin ɗaruruwa, wataƙila ya wadatar a gangaro da jeren ƙarshe kamar matakala, a ɗaure shi da kyau. Idan ya kai rabi, ni dai shawarata a biya 'yan dako su baje sauran, tsayin ya ragu, nauyin ya bazu. Ban ce kowace mota haka take ba, gajeriyar bodi da doguwar tirela ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi, ka faɗa wa masu lodi tun a Dawanau, su jera na Kaduna a sama daga gaba har baya.

Kwantena fa?

Makullan kusurwa huɗu da ke riƙe ta da tirela, duka a kulle. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja a gadar Ojuelegba da ke Legas, mutum tara suka mutu.

Kaya masu nauyi a ina zan sa su?

Ƙasa, tsakiya, kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Na ɗaure tamau a tasha, amma a hanya igiya ta saki. Laifin yarona ne?

Kwantar da hankalinka, kada ka zage shi. Buhu yana zama idan mota ta girgiza shi, dole ɗauri ya yi sako-sako. Bayan kun ɗan taɓa tafiya ku tsaya inda babu haɗari, ku sake ja. Ka sa hannu ka bi igiyar, musamman inda ta goga bakin ƙarfe. Idan ta fara tsintsinkewa, canza ta nan take, ƙulli ba ya mayar mata da ƙarfinta.