Waiwaye: Su wa ke share Wikipedia?

Kafin Wikipedia akwai Nupedia, wani kundin ilimi na intanet. Jimmy Wales ya kafa ta a shekarar 2000, ya ɗauki Larry Sanger a matsayin babban edita, aka ce masana kaɗai za su rubuta, kuma sai maƙala ta tsallake matakai bakwai na tantancewa kafin ta fito. Abin ya zama tafiyar hawainiya, shekara ta zagayo ba a kai maƙala talatin ba. Sai ranar 15 ga Janairu 2001 aka buɗe wani shafi a gefe, wato Wikipedia, wanda kowa zai shiga ya gyara. Cikin shekara guda ya tara maƙaloli kusan dubu ashirin.

To, ƙofar da aka bari a buɗe, har ƙura sai ta shigo. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙanensa Robert. Ƙaryar ta kwashe wata huɗu ba wanda ya lura. Da abin ya fashe, aka hana marasa rajista ƙirƙirar sabon shafi a Wikipediar Turanci, aka kuma tsaurara ƙa'idar rubutu kan mutanen da ke raye.

Daga nan ne aikin da ba a yi wa tafi ya yi yawa. Wani zai wuni yana bin jerin sabbin gyare-gyare, yana mayar da shafukan da 'yan ɓarna suka lalata. Wani aikinsa haɗe shafuka biyu da ke magana ɗaya, wani kuma liƙa alamar nan ta "ana buƙatar hujja". Duk kyauta, ba albashi. Manhajoji masu aiki da kansu sun rage nauyin: ClueBot NG tun 2010 yake goge zagi da shirme cikin daƙiƙu. Amma tsananin tsaron ya zo da nasa ciwon, don sabon shiga yakan ga an goge gyaransa na farko ba bayani, ya tafi ba ya dawowa. Tun 2007 yawan editocin Turanci ya fara raguwa.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne na Wikipediar harshen Scots, wani harshe da ake yi a Scotland. A 2020 aka gano wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen ba, ya rubuta maƙaloli sama da dubu ashirin, Turanci ne kawai ya canza wa kama. Shekaru ya yi yana wannan, don babu isassun masu dubawa.

Wikipediar Hausa ma tana fama da makamancin haka. Maƙaloli na ƙaruwa, musamman lokacin gasar rubutu, amma mai karatu yakan ci karo da fassarar inji da ba a tace ba, kalmomin Hausa ne amma ba a fahimtar me ake nufi. Irin waɗannan shafukan sai wanda ya san harshen ya zauna ya bi su layi-layi, kuma masu yin hakan ba su kai masu zubawa yawa ba.