Tsibirin da ya fito a tsakiyar kogin Gongola, na wane ne a doka?

Idan ruwan Gongola ya janye bayan damina, tsibirai kan bayyana a tsakiyarsa, tun daga ɓangaren Bauchi har Nafada, da kuma ƙasa da madatsar Dadin Kowa. Wasu tudun yashi ne da ambaliyar baɗi za ta share. Wasu kuwa sun daɗe, ciyawa ta kama su, ana noman rani a kai tun zamanin kakanni. Mutane da yawa na ɗauka cewa ƙasar da ruwa ya haifa ta wanda ya riga kafa turke ce. Doka ba haka ta ce ba, kuma rashin sanin haka ne ke jawo rigima tsakanin manoma, masunta da masu ɗibar yashi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe ƙasa na gargajiya, har hekta 500 don noma. A nan ne tarihin tsibiri yake da muhimmanci. Sashe na 36 ya ce wanda yake noma fili tun kafin dokar ta fara aiki a ranar 29 ga Maris, 1978, zai ci gaba da riƙe shi kamar an ba shi izinin. Saboda haka dangin da ke noma tsohon tsibiri suna da tsayayyar hujja, muddin akwai shaidu: mai unguwa, sarkin ruwa, maƙwabtan gona. Amma tsibirin da ya fito daga baya bai shiga wannan sashe ba, sai an nemi izini sabo. Kuma ko da izinin a hannu, sayar da filin ko jinginar da shi ba da yardar hukuma ba ya saɓa wa doka. Takardar ciniki da aka rubuta a zaure ba ta wadatar.

Ruwan da ya kewaye tsibirin kuma yana ƙarƙashin wata doka daban. Gongola ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya faɗa Binuwai a Numan. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya iko da duk kogin da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Ta bar wa talaka hakkinsa: ɗiban ruwan sha, shayar da dabbobi, kamun kifi, da ban ruwan gonarsa, duk kyauta ne. Sai dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta 1997, wadda ta sanya Gongola cikin kogunan tarayya. Ikon hukumar ya kai duk inda babbar ambaliya ke mamayewa, inda gaɓa ke da tsayi kuma mita 100 daga bakin ruwa. Ƙaramin tsibiri gaba ɗayansa yana cikin wannan iyaka. Ma'ana, yin gini na dindindin a kai, ko kwasar yashi da tsakuwa, sai da izininta.

Batun yashi ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke cinye tsibiri. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sa haƙar yashi don kasuwanci ƙarƙashin lasisin tarayya, wanda ake nema a ofishin rajistar ma'adinai. Rasitin harajin da aka yankar wa direban tifa a bakin hanya ba lasisi ba ne. Dalilin tsananin a fili yake ga wanda ya san kogi. Ruwa yana cin kan tsibiri, wato gefen da yake fara bugawa, ya je ya zube yashin a wutsiya. Muddin sabon yashi na zuwa daga sama, tsibirin zai riƙa farfaɗowa. To, tun da aka kammala madatsar Dadin Kowa a 1984, yashi mai yawa yana kwantawa a cikin tafkin, ruwan da ake saki kuma yana fitowa ba kaya, sai ya ɗebi na gaɓa. Idan aka ƙara haƙa rami kusa da kan tsibiri, gindin gaɓar ya zurfafa, sai ka ga tsaga ta bi layi ɗaya da baki, bayan ruwa ya sauka ƙasar ta rufta da shukar da ke kanta. Abin takaici, manomin da gonarsa ta tafi a haka da wuya ya ga diyya, domin sashe na 29 na dokar 1978 yana magana ne a kan filin da gwamnati ta karɓe, kuma amfanin gona da gini yake biya.

Masunta ma doka ta taɓo su. Dokar kamun kifi a koguna ta 1992 ta haramta guba, abin fashewa da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato kusan inci 3, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in kamun kifi. Ruwa mai sanyin gudu da ke bayan tsibiri nan ne 'ya'yan kifi ke fakewa, ragar sauro kuwa ba ta barin ko ɗaya.

Al'ummar da ke son tsibirinta ya ɗore ta fara da rubuta sunayen masu gonaki da iyakokinsu a gaban hakimi, a kai kwafi sashen filaye na ƙaramar hukuma. A bar kan tsibirin ba noma, ba kiwo, ba ƙona ciyawa, a dasa ciyawar jema layi-layi a gaɓa da zarar ruwa ya fara janyewa, don saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe yashi. Giyayyar da ke baki kada a sare ta don itace. Duk mai tifar da ya zo kuma a nemi ganin lasisinsa, a duba ko wurin da aka rubuta a ciki shi ne wurin da yake haƙa, domin sau da yawa takardar ta wani wuri ce daban.